Fangalin da Bai Bushe Ba

Ranar da labarin ya iso ni, ina tsugune a tsakar gida ina matse zanen gado. Hutuna ne ran nan, ban je aiki ba. Sai na ji sallama a ƙofa, irin sallamar nan da duk unguwarmu ta sani, mai ja, kamar mai ita ya gaji tun kafin ya fara. Na leƙa. Baba Yatsa ne, mai kula da lambun yaran unguwa, ya jingina da bango yana haki. A hannunsa akwai ciyawa dami guda, saiwarta tana ɗiga laka a kan takalminsa.

Ya ce, "Maman Auta, ina yaron nan?"

Na ce, "Haba Baba, ai ni ya kamata in tambaye ka. Ba wajenku yake yini ba?"

Ya ɗaga ciyawar ya nuna mini. Ya ce, "A fangalinsa na lambu na ciro. Wannan ba ciyawar jiya ba ce, ba ta shekaranjiya ba ce. Yaron da yake zuwa ba ya barin ta ta kai haka."

Ina laluben mayafi ke nan mu fita nema, sai ga telan bakin layinmu ya shigo babu ko sallama, tef ɗinsa na rataye a wuya. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya sunkuyar da kai. Ya ce an tsinci Auta a wani kango bayan tashar mota. Abin da suka sha shi da abokansa ya fi ƙarfin zuciyarsa. Su sun gudu, shi bai tashi ba. Shekararsa goma sha shida.

Abin da na iya tunawa na ƙarshe a ranar shi ne Baba tsaye da ciyawar nan, ya kasa yar da ita.

Ba labarin ɗana na zauna rubutawa ba. Ni karatuna bai yi nisa ba, wanki nake yi a asibiti, kuma da ka nake faɗin duk abin da zan faɗa. Na zauna ne saboda makon jiya an sallami Baba Yatsa daga lambun, an kafa rumfa, an jera kujeru, an yi jawabai, kuma har aka tashi babu wanda ya faɗi ko mene ne aikin mutumin nan. To ni zan faɗa.

Wurin da ake kira lambu yanzu, juji ne a da, tsakanin katangar makarantar firamare da babbar kwata. Ledoji, fasassun kwalabe, matattun kaji. Baba yana tura baro a kasuwa a lokacin. Idan ya tashi daga aiki sai ya biyo ta nan ya kwashe baro guda na shara, gobe ma haka. Mutane suka ce tsufa ne ya zo masa ta kai. Yara suka riƙa taruwa suna yi masa dariya. Duk wanda ya matso kusa don ya fi jin daɗin dariyar, sai Baba ya miƙa masa gwangwani da ya huhhuda gindinsa da ƙusa, ya ce, "Tunda ka zo, riƙe mini." Haka ya kama su ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga lokacin, gari na wayewa yana bakin ƙofar lambun, wani tsohon kwanon rufi da ya ɗaure da waya. Ba ya fara ɗaukar fartanya. Layi yake bi, ya duƙa a kan kowane fangali, ya cusa yatsansa manuni a ƙasa, ya zaro, ya murza, ya wuce na gaba. Farcen nan nasa ya yi baƙi har abada, babu sabulun da zai fitar. Daga nan yara suka sa masa suna. Har kwaikwayonsa suke yi, su cusa yatsa a kunnen juna su ce, "Kai, ka bushe, zan je gidanku."

Dokarsa ɗaya ce. Kowane yaro da fangalinsa, ya shuka abin da ransa ke so, alayyafo ko tumatir ko albasa. Amma ba a ba wa fangalin wani ruwa. Ko ƙaninka ne ciki ɗaya, ko shukarsa tana mutuwa a gaban idonka, ka ɗauke kai. Mu iyaye mugunta muka ɗauka. Wata mata ta taɓa tare shi a hanya tana faɗa, wai 'yarta ta yi ta kuka saboda an hana ta taimakon ƙawarta.

Baba ya bari ta gama. Ya ce, "Baiwar Allah, idona ya yi hazo, ba na rarrabe fuskar yara daga nesa. Ƙasa ce ke gaya mini wanda bai zo ba. Idan 'yarki ta shayar da na ƙawarta, ta ɓoye mini ƙawar ke nan."

Ashe lambun nan ba don tumatir ya yi shi ba.

Idan ƙasa ta bushe, Baba ba ya aike. Da ƙafarsa yake zuwa. Akwai wata yarinya, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da nake wanki, ita ta ba ni labari da bakinta. Su biyu ne a gida, ita da kakarta. Kakar ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, yarinyar ta rufe ƙofa tana ɗura mata ruwa da cokali, tana tsoron idan ta faɗa za a ɗauke kakar a bar ta ita kaɗai. Maƙwabta katanga ɗaya ba su sani ba. Karas ɗinta ne ya yi yaushi, Baba ya ƙwanƙwasa ƙofa. A cikin baronsa ya kai tsohuwar asibiti, ya shimfiɗa mata rigarsa, yarinyar na biye da gudu riƙe da takalman kakarta.

Telan nan kuwa, wanda ya kawo mini labarin Auta, shi ma ya sha nasa. Ya tsare ɗan yayarsa a shago yana sa maɓalli daga tashi makaranta har rufe shago. Fangalin yaron ya tsage. Sai ga Baba da busasshiyar ƙasa cikin gwangwani, ya zauna a bencin masu jiran ɗinki.

Tela ya ce, "Baba, ɗinki aka kawo?"

"Ƙasa na kawo."

"Ƙasa kuma? Nan ai ba ma ɗinkin ƙasa."

"To zan jira har ku fara."

Duk wanda ya shigo karɓar kaya, sai Baba ya miƙa masa gwangwanin ya ce ya taɓa ya ji. Idan ya tambayi dalili, sai ya nuna yaron da haɓa. Kafin rana ta yi sanyi tela ya ce, "Kai, tashi ka bi kakanka, kafin ya kore mini mutane." Har yau idan ya ba da labarin sai ya yi dariya.

Auta ya taɓa bushewa sau ɗaya. Bayan rasuwar babansa ne, yana ɗan shekara goma sha uku. Yaro mai surutu ya koma kamar an ɗinke masa baki. Ni ina can ina fama da zannuwan asibiti, in fita da sassafe in dawo a gajiye. Ban san ya fara bin yaran bayan tasha ba. Baba ne ya sani. Ya same shi a can cikinsu, bai zage shi ba, bai yi masa wa'azi ba. Ya tsuguna a gabansa ya ce, "Tumatirinka yana mutuwa. Ni ba zan taɓa ba, ba kuma wanda zai taɓa. Ko ka zo ka ba shi ruwa, ko ka zo ka tuge shi da hannunka. Ina jira." Ya kuwa zauna a kan wata tsohuwar taya yana jira. Yaran nan suka yi ta masa ba'a, "Tsoho, a sam maka ne?" Ko gezau. Kunya ce ta ta da Auta.

Da tumatirin ya nuna, a cikin hularsa ya kawo mini. Ya juye a cinyata ya ce, "Mama, ba saye na yi ba fa." Ran nan na sake jin dariyarsa a gidan nan.

Kai ne, Baba, ka dawo mini da shi wancan karon. Kai ne ka ba ni shekarun nan da na samu a bayan haka, ina kallonsa yana tsawo har ya wuce ni. Babu wanda ya sa ka, babu wanda ya ce maka sannu.

Sai bututu ya zo.

Wata ƙungiya ta kawo ziyara, suka ga yara suna jigilar ruwa da gwangwani daga rijiyar da ke ƙarshen fili, suka ji tausayi. Ba mugaye ba ne, ba zan ɗora musu abin da ba su yi ba. Suka ba da tanki da bututu mai feshi, a murɗa kai ɗaya ruwa ya sauka ko'ina lokaci guda. Aka kafa kwamiti, aka yi shugaba. Iyaye suka yi ta murna, duk unguwa. An ce a wajen taron Baba ya ɗaga hannu ya ce, "To yaya zan san wanda bai zo ba?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Baba, ka ba yatsan nan hutu mana, ya yi ritaya." Shi ma ya yi dariya ya zauna. Ya gaya mini daga baya cewa bayansa ya ji daɗin bututun nan, ba zai yi ƙarya ba.

Yara suka ƙaru har ba a san na wa da na wa ba. Aka ce ba sai kowa ya zo kullum ba tunda ruwa na zuwa da kansa. Aka ce Baba ya riƙa zuwa da safe ya murɗa famfo, da yamma kuma samarin kwamiti su kula da yara. Lambu ya yi shar, bai taɓa kyau irin haka ba. Baƙi suna zuwa ɗaukar hoto. Baba bai daina bin layi yana cusa yatsa ba, amma ko'ina ya taɓa danshi ne.

Hanyar aikina ta jikin shingen lambun take bi. Fangalin Auta yana kusa da bishiyar gwanda, ana hango shi daga titi. Kullum in na zo wucewa sai in leƙa, in gan shi kore, in ce alhamdu lillahi. In dawo in tarar da yaro kwance ya juya fuska bango, in ce lafiya, ya ce, "Gajiya ce, Mama, daga lambu nake." Me zai sa in ƙi yarda? Na gani da idona.

Koren nan ƙarya ya yi mini. Ya yi wa Baba ma. Bututu ba ya tambaya ko mai fangali yana raye ko yana kango, shi dai ya zuba. Ya shayar da tumatir, ya shayar da ciyawa. Sai da ciyawar ta yi tsawon da hannun Baba ya ci karo da ita, sannan ya gane. Ya tugo ta ya taho da gwiwoyin nan nasa masu ciwo. Ya iso, tela ya iso.

Bayan an gama zaman gaisuwa kowa ya watse, na shige ɗaki na ja labule. Ban koma aiki ba, ban ɗora tukunya ba. Maƙwabta suka yi ta cewa a yi haƙuri, suka gaji, suka daina shigowa. Wata safiya na ji sallamar nan mai ja. Na ƙi amsawa. Ya yi ta yi har na fito don in ce ya tafi.

Ya ce, "Na toshe bututun layin gwanda. Fangalin Auta naki ne yanzu."

Na ce, "Baba, ka rabu da ni. Ba na son ganin wurin nan har in mutu."

Ya ce, "Ba don ki ji daɗi na ba ki ba. Don in san kina tashi ne. Kin san dokar. Ba mai ba shi ruwa. Idan ya bushe, zan zo." Ya ajiye gwangwani a bakin ƙofata. Ya juya zai tafi, sai ya tsaya, bai waiwayo ba. Ya ce, "Na makara, 'yata. Da na yi gardama ran taron nan, ban zauna ba."

Na bar fangalin ya bushe. Ya zo. Na sake bari, ya sake zuwa, yana dafa bango. Ganin tsohon nan yana jan ƙafa saboda ni, shi ya fitar da ni daga ɗaki, ba haƙurin da aka yi ta ba ni ba.

Toshe bututun nan ya jawo masa magana. Shugaban kwamiti ya zo har lambu ya ce, "Tsoho, kayan da aka ba mu kyauta kake ɗaurewa da roba? Idan baƙi suka zo suka ga gefe guda a bushe, me za mu ce musu?"

Baba ya ce, "Ku ce musu wani yaro bai zo ba, an tafi nemansa."

Aka kai ruwa rana, daga ƙarshe aka bar masa layin gwanda da na kusa da shi, wai kusurwar Baba, kamar yadda ake bar wa yaro abin wasa don ya yi shiru. A kusurwar nan aka koma gwangwani. Ba ta kai sauran lambun kyau ba, wani wuri kore, wani wuri ja. Ba a ɗaukar hoto a nan. Amma tun daga lokacin, duk yaron da ke kusurwar nan, idan ya ɓace an ƙwanƙwasa ƙofar gidansu kafin ƙasa ta tsage. Ɗaya an same shi da zazzaɓi. Ɗaya ubansa ya kore shi yana kwana a shagon wanki. Ɗaya a bayan tasha aka samo shi, a kangon nan dai. Yana nan da ransa, jiya ma na gan shi yana faɗa da wani a kan gwangwani.

To makon jiya aka sallame shi. An ce shekaru sun ja, gwiwa ta ƙi, ya je ya huta. Na nemi izini a wajen aiki na je na zauna a baya. An gode wa ƙungiya. An gode wa shugaba. Tankin ruwa ma sai da aka yi masa tafi. Da aka zo kan Baba, mai gabatarwa ya ce, "Sai kuma mai gadinmu, wanda ya daɗe yana buɗe mana ƙofa." Aka miƙa masa agogon bango. Mutumin da ba ya ganin fuskar yaro daga nesa, shi aka ba agogon bango. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce ya gode. Sannan shugaba ya yi albishir cewa nan ba da daɗewa ba za a kai bututu har kusurwar da ta rage, lambu ya zama kore baki ɗaya. Aka yi tafi. Iyayen yaran kusurwar suna cikin masu tafin.

Na so in miƙe in yi magana, amma har aka tashi ina zaune. Shi ya sa nake rubutawa.

Baba, ba mai gadi ba ne kai. Kai ne mai zuwa. A unguwar da kowa ke cewa ba ruwansa, kai ne kake ɗaukar ɗan wani a matsayin abin da za a tambaye ka. Kai ne ka zauna a kan taya yara suna maka ba'a don ɗan marayan wata mai wanki. Kai kaɗai ne a duk cikinmu ka ce ka makara, alhali kai kaɗai ne ka taho. Mai baƙin farce, Allah ya saka maka. Allah ya sassauta maka gwiwar nan. Ban riƙe ka da komai ba, ka ji daga bakina, ka daina sunkuyar da kai in mun haɗu.

Ku kuma iyaye, ba na roƙonku ku yi masa wani taron. Ya ga taronku. Abin da nake cewa shi ne, wanda zai bi layin nan da safe yanzu babu. Ni da tela mun raba, shi layi ɗaya, ni layi ɗaya, amma shi yana da shago ni ina da aiki. Ku zo ku karɓi fangali biyu ko uku, ba don ku ba su ruwa ba, don ku taɓa. Idan kun ji a bushe, ku tambayi na wane ne, ku je gidansu, ko da za a yi muku kallon masu shisshigi. Ranar da za a kawo bututun nan kusurwa kuwa, ku zo ku tsaya. Ni dai za a same ni zaune a gindin gwanda, sai dai a ɗora shi a kaina. Kada ku leƙa ta shinge ku ga kore ku ce alhamdu lillahi ku wuce. Ni na yi haka.

Da aka sallame shi, abu ɗaya ya roƙa: a bar masa fangali guda a ƙarshen layin gwanda, kamar kowane yaro. Albasa ya shuka. Yanzu yana zaune wajen 'yarsa, da ɗan nisa, kuma sai rana ta ɗaga gwiwar take barinsa ya taho, lokacin ni ina asibiti. Ba ma haɗuwa a lambun.

Kullum da safe kafin in wuce aiki nakan shiga ta ƙofar kwanon nan. In ɗebo ruwa a gwangwanin da ya ajiye mini, in ba tumatirin Auta, in tsince ciyawa tun tana ƙarama. Sannan in taka zuwa ƙarshen layi. Ba na ba albasar Baba ruwa, ko ɗigo, na san doka. Duƙawa nake yi in cusa yatsa.

Yau da safe na ji danshi.